Taraktar da Babana Ya Ɗaure a Turke

Ku da kuka san mahaifina, Alhaji Jidda na Gamboru, kun san ba a taɓa ganin ya sayi abu bai duba bakinsa ba. Dillalin shanu ne, ɗan makiyayi jikan makiyayi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda akwai wata haja a duniya da ba ta da haƙora ba. In rediyo ce sai an buɗe masa wajen batir ya leƙa. In keken ɗinki ne sai ya durƙusa ya dubi ƙarƙashinsa, ya bubbuga masa kwiɓi, ya ja da baya ya karkata kai yana kallo. Hatta samarin da suka zo neman ƙannena sai da ya sa kowannensu ya taka zuwa bakin titi ya dawo, wai yana so ya ga yadda yake ajiye ƙafa. In ya gama dube-dubensa ya yanke hukunci, sai ya ce "Kalas," wato magana ta ƙare a Larabcinmu na Shuwa. Daga nan ko hakimi ka ɗauko ba zai sake ba.

Ni ce babbar 'yarsa, Kaltume. Mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'yana, Innarmu kuma ta riga mu gidan gaskiya, don haka tukunyar gidan nan gaba ɗaya a hannuna take. Shi ya sa abubuwan da kuke tunawa kuna riƙe ciki don dariya, ni a lokacin da faɗuwar gaba nake kallonsu. Sai yanzu na samu sararin taya ku.

Fari ne ya koro mu daga daji muka zauna a Yerwa, wato Maiduguri. Baba ya kama dillanci a kasuwar shanu, ragowar garkenmu kuma yana bayan gari a hannun 'yan uwa, kullum da safe a kawo mana nono. A wajenmu saniya ta namiji ce, amma nono na mace ne. Da kuɗin nono da man shanu nake sayen gishiri da daddawa da kuɓewa, ban taɓa tsayawa gaban Baba ina neman na cefane ba. Sai ga shekarar da ciwon bushiya ya shigo ƙasar nan. Shanu suka riƙa zawo suna faɗuwa, ana haƙa rami ana turawa. Da abin ya lafa, Baba ya tattara waɗanda suka tsira, har da na tatsa, ya kai kasuwa ya sayar. Ya dawo da yamma ya tara mu ya ce motar noma zai saya. A shekarun nan rediyo ba ta da zance sai a koma gona, kowane Alhaji a Maiduguri ya yanki daji yana neman taraktar haya.

Na tambaye shi me ya gani a jikin ƙarfe da zai zubar da abin da kakanninsa suka bi da sanda. Ya dube ni ya ce, "Ƙarfe ba ya zawo, Kaltume."

Na ce to me za mu ci? Ya ce za ta noma tamu gonar, ta noma ta mutane a biya mu. Shi ke nan, duk abin da muka mallaka a duniya ya koma jiki ɗaya mai taya huɗu. In ta mutu, ba mu da abin sayarwa sai tabarmi, kuma ni ce zan fara sani, don ni yara suke kallo in rana ta yi tsaka.

Ranar saye ban je ba, Bitrus ne ya ba ni labari. Bitrus wani Kirista ne ɗan ƙasar Biu, ya koyi tuƙin tarakta a gonar gwamnati, shi Baba ya ɗauka direba. Mutum ne mai kunya da tsabta, rigarsa kullum a goge. Ya ce da suka isa wajen mai sayarwa, can gefen tashar jirgin ƙasa, Baba ya sa aka buɗe mata baki ya cusa kai ciki ya daɗe. Ya fito ya tambayi hannu nawa ta bi kafin ta zo nan, ko tana da mugun hali, ko tana harbi. Ya sa aka tafi da ita aka dawo yana tsugune yana kallon ƙafafunta. Da aka sallama, sai ya zaro sabuwar igiya daga aljihu, don a kasuwar shanu mai sayarwa ba ya bayar da igiyarsa, mai saye ne yake zuwa da tasa. Ya ɗaura mata a gaba, ya riƙe bakin igiyar, ya ce wa Bitrus ya tayar.

Bitrus ya ce, "Baba Alhaji, hau mu tafi, yanzu mun isa."

"Sabuwar dabba da ƙafa ake kai ta gida, ta ga hanya. In ta ɓata ta san inda za ta dawo."

"Ai ni zan riƙa dawo da ita, Baba."

"Kai in ka ɓata fa?"

Haka suka ratso gari, Baba a gaba da babbar riga yana jan igiya, jar tarakta a bayansa tana tafiyar amarya, Bitrus a sama ya ja hula ya rufe rabin fuska. Motoci suna ta oda, masu kekuna suna sauka su tsaya kallo. Kafin su wuce Fezzan rabin unguwar ya biyo su. Ni ina tsakar gida na ji hayaniya, na fito da muciya a hannu na ɗauka gobara ce. Na tarar da Baba yana kafa turke a ƙofar gida. Ya ɗaure ta, ya raɗa mata suna Hamra, wato Ja, sunan uwar garkenmu da ta mutu a annobar.

Daga ranar, in ya dawo daga sallar asuba ba ya shiga gida sai ya tsuguna a ƙarƙashinta. Makiyayi a kashin dabba yake gane lafiyarta, shi kuwa Baba a ɗigon baƙin mai. Ya lakata da yatsa, ya murza, ya sansana, sa'an nan ya shigo ya ba mu labarin yadda ta kwana. Wata rana ya ga kamar ta rame, ya jiƙa kanwa ya ɗura mata a lagireto. Bitrus ya yini yana wanke mata ciki, washegari ya zo da ɗan kwaɗo ya kulle murfin, makullin kuma a aljihunsa yake kwana.

Wata safiya ina tuƙa tuwo na ji ƙauri. Na leƙa tukunya, lafiya lau. Na bi ƙaurin har ƙofar gida, sai na ga Baba ya hura gawayi, ya saka ƙarfen da ake yi wa shanun gidanmu lamba tun zamanin kakansa, ƙarfen ya yi ja wur. A cinya ake yi wa saniya lamba, cinyar Hamra kuwa ita ce babbar tayar baya. Ya riga ya ɗora sau ɗaya, hayaƙi yana tashi, yana shirin dannawa da kyau. Allah Ya kawo Bitrus a daidai lokacin. Ya yar da kekensa a tsakiyar hanya, mutumin da ko ido ba ya haɗawa da Baba, sai ga shi ya riƙe masa hannu da hannu biyu yana roƙo da Hausa da yarensu Baburanci a haɗe. Ya ce in tayar nan ta fashe sai an sayar da ɗaki guda kafin a sami wata. Baba ya ce to in an sace ta da me zai kunyata ɓarawo a gaban alƙali? Bitrus ya nuna masa lambar da ke manne a bayanta.

Baba ya ce, "Wannan ta gwamnati ce. Tawa fa?"

Aka kawo shawarar mai fenti, ya ce ɓarawo ma yana da sabulu. Ƙarshe mai walda aka kira ya zana lambar gidanmu da wuta a jikin ƙarfen, Baba yana shafa mata wuya yana ba ta haƙuri. Ni kuwa tuwon nan sai da ya ƙone da gaske.

Duk wannan mai sauƙi ne, abin da ya fi ci mini rai shi ne haya. Kun san noman tarakta ɗan lokaci ne. Ruwan farko ya sauka, kowa yana so a yi masa a mako guda, in ya wuce sai baɗi. Masu taraktoci a garin nan dare da rana suke aiki. Mu kuwa mutane su cika ƙofar gida da kuɗi a hannu, Baba ya zauna kan buzu yana yi musu tambayoyi kamar masu neman aure. Ya kori wani babban ɗan kasuwa don ya taɓa ganin jakin gidansa da gyambo a baya, ya ce wanda bai ji tausayin jaki ba ba zai ji na Hamra ba. In rana ta take, dole a kai ta inuwa a kashe ta har la'asar. Bitrus ya yi ta bayani cewa inji ba ya gajiya, Baba ya tambaye shi ko ita ta gaya masa. Ranar Juma'a ba ta fita don Baba, ranar Lahadi ba ta fita don Bitrus. Duk Borno ba a yi taraktar da ta kai tamu hutu da riƙon addini ba.

Abin da ke shigowa rabinsa a gas da bakanike yake tafiya. Ni da nake aika nono gidajen manya, sai ga ni ina suyar ƙosai a ƙofar gida, a gefen Hamra, hayaƙina yana haɗuwa da nata. Ran nan haushi ya ishe ni. Na ɗauko ƙwaryar tatsa da ta daɗe a rataye, na karkaɗe ƙura, na je na ajiye a ƙarƙashin taraktar a gabansa da abokan hirarsa.

Na ce, "Baba, ga ƙwarya. A tatso mana, yara ba su karya ba."

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ko gezau. Ya ce, "Karsana ce, Kaltume. Ba ta haihu ba tukuna."

Abokansa suka kwashe da dariya, ni ma ta kuɓuce mini, amma da na shiga ɗaki kuka na yi.

Kada wanda bai san shi ba ya ɗauka taɓin hankali ne. Baba ya san ƙarfe ne sarai, a lissafi kuwa ba a cutarsa. Hannunsa ne bai san wata hanyar riƙe dukiya ba sai wannan. Mutumin da ya tashi da garke yana kiran kowace da sunanta, ya wayi gari da guda ɗaya tak, duk kulawar da ya saba rabawa sai ta taru a kanta.

Gonarmu tana wani ƙauyen Barebari a hanyar Dikwa, mai garin ana ce masa Bulama Modu. Kafin zuwan Hamra, in damina ta faɗi mutanen ƙauyen ne suke yi mana aiki, wani lokaci ƙodago, wani lokaci gayya. In je da tukwane in dafa, a yi kiɗa, a yi noma, a ci a sha. Da taraktoci suka shigo, abin da mazan ƙauyen suke makonni suna yi sai a gama shi kafin azahar. Alhazan birni suka yanki filaye iya ganinka, aka tumɓuke itatuwa don garma ba ta son kututture, har burtalin da shanu ke bi aka nome. Samarin ƙauyen suka watse, ka gan su a Yerwa suna tura amalanke ko suna ga-ruwa. Bulama bai taɓa gaya mana baƙar magana ba, amma gaisuwarsa ta koma ta fatar baki. In Hamra ta ratsa ƙauyen, tsofaffin da ke gindin bishiya sai su juya mata ƙeya.

Abu ɗaya ya rage a hannunsu, shi ne firki. Ga yaran yanzu da ba su sani ba, firki baƙar ƙasa ce mai laka, ruwa yana kwanciya a kanta duk damina. In ya janye sai a dasa masakwa, dawar rani wadda ba ta neman ruwan sama, da damshin da lakar ta riƙe take rayuwa. Ba a huɗar firki. Ana sare ciyawa a ƙone, namiji ya bi da ƙaton sanda mai tsini yana huda rami, mace ta bi da ruwa tana ɗan zubawa, wani ya bi yana saka dashe. Aiki ne na hannu da yawa, kuma na gaggawa, don in ƙasar ta bushe an yi asarar shekara.

To, sai aka yi wata damina da fara ta sauka ta cinye mana gero tas. Ɗakin hatsinmu har ina ganin daɓen ƙasa. Ba mu da sauran abin sa rai sai masakwa. Masu dashe kuwa sai an ciyar da su an sallame su, abin da ba mu da shi ke nan. Baba ya kwana yana tunani ya tashi da dabara, wai Hamra za ta shiga firkin ta tsaga layi, mu 'yan gida mu bi muna jefa dashe. Bitrus ya ce ƙasar ba za ta ɗauke ta ba. Bulama ya aiko takanas ya ce kada a yi. Ni ma na faɗi nawa, har da ƙari. Baba ya saurare mu duka, ya ce kalas.

Na bi su da tukwanena da yara. Saman firkin ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzo, in ka taka da ƙafa ba ka jin komai, ashe ƙarƙashi kunu ne. Hamra ta shiga da ƙarfinta, ta yi 'yar tafiya, Baba yana binta a gefe yana waigenmu yana murmushi. Sai bayanta ya zauna. Bitrus ya ba ta wuta, tayoyin suka juya a wuri ɗaya suna watsa laka. Ya sa giyar baya, ta ƙara nutsewa. Kafin ya kashe ta, laka ta kai mata ciki.

Baba ya yi duk abin da ake yi wa saniyar da ta kafe. Ya ɗaura igiya, ya tara ƙannena suka ja har tafin hannunsu ya saɓule. Ya zagaya gabanta yana kiran sunanta da irin kiran da yake yi wa garke in za a tashi. Aka aika birni neman wata taraktar ta ja ta, duk wanda ya zo ya tsaya daga bakin firkin sai ya girgiza kai ya juya, ba mai son tasa ta bi sahu. Rana kuwa ba ta jira. Kullum lakar tana ƙara ƙanƙamewa a jikin tayoyin, kuma kowa ya san in firki ya gama bushewa ya fi siminti, sai dai a bar ta nan ruwan baɗi ya rufe ta. Dashenmu yana ɗaure a inuwa ya fara yin rawaya. Ga abincin shekara yana mutuwa a gefe, ga dukiyar gidan kaf tana nutse a tsakiya. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da mijina. In na kai loma baki sai in dubi 'ya'yana in mayar.

Mutanen ƙauye kuwa sun samu abin kallo. Da hantsi sai su fito su jeru a kan gaɓar da ake tare ruwa da ita, wasu har da tabarma. Akwai al'ada da mu da su duka muka sani: dabbar da ta kafe aka rasa yadda za a fitar, ana yanka ta kafin ta mutu, a raba naman ga waɗanda ke wurin. Ran nan Bulama Modu ya gyara zama, ya ɓare goro, ya ɗaga murya, ya fara da "wushe", wato sannu a Barbarci.

"Wushe da aiki, Alhaji. In dai ba za ta tashi ba, gara a sa mata wuƙa kada ta yi mushe. Ni a ba ni cinya, duk ƙauyen nan takalmanmu sun mutu."

Maƙerin garin ya ce shi faranten garma yake so, za su yi fartanya masu kyau. Wani ya ce a bar masa kujerar, surukinsa zai zo. Wani tsoho mara haƙori ya ce shi hanta kawai yake iya ci, a duba masa ko tana da ita. Aka yi ta shewa. Ni ina bakin murhu, ji nake kamar in watsa musu tafasasshen ruwa, amma ko a lokacin na san maganar tsohon nan da ban dariya.

Baba ya tashi tsaye. Ya naɗe wandonsa, ya shiga lakar har gwiwa, ya je gaban Hamra. Ya kwance igiyar da ya jawo ta da ita tun ranar farko, ya naɗe ta a hannu a hankali. Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen ya ɗan jima. Sa'an nan ya fito ya zauna a kan gaɓar, ya ba ta baya.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ake nufi in mai dabba ya cire mata igiya da hannunsa. Ya sallama ke nan. Sau ɗaya na taɓa ganin fuskar Baba haka, a bakin ramin da aka tura shanunmu. Mutanen nan ma annobar ba ta tsallake su ba, kowannensu ya taɓa kwance igiya ya koma gida da ita a hannu. Dariyar ta mutu a hankali, har ana jin kukan tsuntsaye. Bulama ya tofar da goronsa ya miƙe ya tuɓe babbar riga.

Ya ce, "Mayar mata da igiyarta, Alhaji. Amma ka ji sharaɗina a gaban jama'a. Tudu nata ne, firki namu ne."

Baba ya ɗago. Ya ce, "Kalas."

Aka buga ganga, ƙauyen ya fito har mata. Fartanyun nan da Hamra ta kora daga aiki, su aka sa aka haƙe lakar da ke kewaye da tayoyinta. Aka saro rassan ƙaya, aka kwaso tsofaffin zana da kara aka cusa a ƙarƙashi. Duk igiyar rijiyar da ke garin sai da aka kwance aka haɗa. Bitrus ya hau, rigar nan mai guga ta koma kalar firki, bakinsa yana motsi da irin tasa addu'ar, Baba a ƙasa yana tasa. Mai ganga ya ba da sauti, aka ja, ta motsa ta koma. Aka sake ja, igiya ɗaya ta tsinke. A ja na gaba sai ta yi wani gurnani, ta yi tsalle ta fito, mutanen da ke kan igiya suka zube da baya rututu, Bulama a ƙasa, Baba a kansa, hulunansu a laka.

Na zauna daɓas a gefen murhu ina kuka ina dariya, wata tsohuwar Babarbariya da ban ma san sunanta ba tana bubbuga mini baya. Baba ya tashi yana share laka daga gemu, ya zagaya Hamra ya duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Da ya tabbatar ba abin da ya karye, sai ya juya wajen Bitrus ya ce ai shi tun farko ya san ba ta son laka, direban ne bai iya lallashi ba.

Washegari mutanen nan suka dawo da sandunansu, ba wanda ya tambayi abin da za a ba shi sai an yi girbi. Na juye ɗan hatsin da ya rage mana gaba ɗaya a tukunya na ciyar da su, ina tuƙi ina cewa Allah ga mu gare Ka. Dashen da ya yi rawaya wani ya kama, wani bai kama ba, matan ƙauyen suka cike mana gurbin da ragowar nasu. Lokacin sanyi masakwa ta fitar da kai fari tas. Hamra ta tsaya daga bakin tudu inda aka yi mata iyaka, aka riƙa kawo dammuna a ka ana loda mata a tirela. Aka fitar wa Bulama da mutanensa nasu, sauran ya cika mana ɗaki. Ban taɓa cin tuwon da ya kai na wannan shekarar daɗi ba.

Baba ya riƙe alkawari. Alhazai sun zo daga baya suna son a gwada musu tarakta a firkinsu in ƙasa ta ƙara bushewa, ya ce tasa ba ta shiga, kuma ya bi su da nasihar da ba su nema ba. Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Samarin ƙauyen da suka tafi birni yawancinsu ba su dawo ba, sai dai lokacin dashe wasu kan zo su yi mako biyu. Burtali bai dawo ba. Ni ma ƙwaryata ba ta sake ganin nonon gidanmu ba, saye nake yi a bakin kasuwa kamar kowa. Amma ba mu sake kwana da yunwa ba, gero daga tudu, masakwa daga firki, ƙosai daga hannuna.

Da tsufa ya kama Baba, kayan gyara kuma suka yi tsadar da ba a magana, ya kasa tsugunawa da asuba. 'Yan gwangwan suka fara zarya suna tayawa, ya ce ba ya sayar wa mahauta. Ƙarshe ya sallama wa Bitrus ita, shi kuma ya tafi da ita ƙasarsu. Ranar da ta bar ƙofar gidan nan Baba bai fito ba. Ni na fito, na tsaya har ta sha kwana, kuma gaskiya ajiyar zuciya na yi. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Bai daɗe bayan nan ba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata la'asar ina ba shi kunu, sai ya riƙe mini hannu.

"Kaltume, akwai hatsi a ɗaki?"

"Akwai, Baba. Zai kai mu kaka har ya yi saura."

"Ba don ki kwantar mini da hankali kike faɗa ba?"

Na tashi na je na ɗebo masakwa cikin tafina na zuba masa a nasa. Duk shekarun nan bai taɓa yi mini wannan tambayar ba ko sau ɗaya, har na yanke cewa abin bai dame shi ba, ni kaɗai nake ɗauke da shi. Ya damƙe hatsin ya ɗora hannun a ƙirji, ya rufe ido.

Ya ce, "Tun ranar da na sayar da shanun nan nake so in tambaye ki. Amsar nake tsoro."

Kwana biyu bayan haka ya cika, hankalinsa kwance.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda bai taɓa barin abin da ke hannunsa a rana ba, ya Allah kada Ka bar shi a rana. Mu kuma da ya bari, Ka riƙe mu da abin da zai ishe mu har mu tarar da shi. Amin.